Hotona a Allon Mabukata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka liƙa hotona a allon mabukata ba, ni da ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba tun zuwana Jidda. Ku da kuka gaje ni a ɗakin wanki, ku saurara.

A gidajen wani kamfani da ke Abhur na yi aiki. Injiniyoyi Turawa ne a ciki da iyalansu, ni ce babbar masu wanki da guga, mudir, wato manaja, yana sama da ni, iƙamata, takardar izinin zama, tana hannun kamfani. Turawan suna da wani wasa. Sun kafa kwandunan ƙarfe masu sarƙoƙi tsakanin itatuwan dabino, mutum ya tsaya nesa ya wurga faifan roba, inda ya faɗi ya je ya sake wurgawa, har ya shiga kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ne gwani.

Faya-fayan sukan faɗo filin shanyarmu, ni kuma in mayar musu ta kan katanga. Tun ina mayarwa da haushi, har hannuna ya gane iska. Matar wani injiniya, Madam Karin, ta ba ni nawa, ja. 'Ya'yana, ba zan ɓoye muku ba, na so wasan nan. Bayan la'asar in ɗaure abayata a ƙugu in fita. Ƙarar sarƙa idan faifai ya shiga, har yau ina jin ta a ƙirjina.

Duk shekara idan zafi ya sauka sukan yi wasan sadaka. Mai shiga ya kawo shinkafa, ko mai, ko bargo. Kowane ɗan wasa yana da ikon tsayar da gida guda na mabukata, muddin ya zaga kwandunan duka. Sai a liƙa hoton mai gidan a allo, a raba kayan tsakanin gidajen da ke kai.

To, shekarar da ruwa ya ci Jidda ana cikin aikin hajji, ya tafi da ɗakin ƙawata Rabi 'yar Maraɗi a unguwar Guwaiza. Ta iso wurina a unguwarmu Hindawiyya da jikoki biyu da rigar jikinta. Sanyi ya shigo, bargona ɗaya.

Na sami mudir na ce ina so in tsayar da gida.

Ya ce, "Ahlan, ya Hajja. Kawo hotonta da iƙamarta. Ranar wasa ta zo ƙofa ta karɓa da hannunta."

Rabi da umra ta shigo, ba ta da takarda ko ɗaya. A ƙofar kuwa masu gadi ne da kaki. Ko da ma tana da takarda, mace ce da ta aurar da 'ya'ya da guminta, gara ta kwana a siminti da a nuna ta da yatsa.

Na ce, "Ba za a ba ni in kai mata ba?"

Ya ce, "Masu bayarwa suna so su ga wanda suka ba. Ƙa'ida ce. Halas, magana ta ƙare."

Na fita, na zaga filin shanya, na dawo na ce ya sa sunana. Ya dube ni, ya ce ai unguwarmu ruwa bai taɓa ta ba. Na ce ruwa bai shigo ɗakina ba, amma waɗanda ya koro suna ciki, tukunyarmu ɗaya. Sai ya aika a kawo na'urar hoto.

Ranar wasa na tarar da fuskata a allo, dab da wurin ajiye motoci, inda direbobinmu ke zama. Isufu Badamagare ya taso yana dariya.

"Inna, ashe ke ma kin shiga layi? Da kin faɗa ai da mun yi miki karo-karo!"

Na ce, "Isufu, wanda ke kawo mini rigarsa in goge masa a ɓoye ba shi zai yi mini karo-karo ba. Matsa in wuce."

Suka fashe da dariya, ni ma na yi. Ban taɓa yin wasa marar kyau kamar na ranar ba. Na jefa faifai ya bugi dabino, na jefa ya shige ƙarƙashin mota. A kwandon ƙarshe sai da Madam Karin ta riƙe mini hannu muka hau tudun da aka kafa shi a kai. Ni ce ta ƙarshe a cikinsu, amma na zaga duka.

Isufun nan ne ya kai mini kayan Hindawiyya. Labari kuwa ya riga mu isa. Surukina ya yi wata guda bai gaishe ni ba, wai na je bara wurin Turawa. Mata a gidan biki suka riƙa rage murya in na shigo. Rabi ta ji daga bakin wasu. Ta zauna bakin katifa ta ce, "Yaya, me ya sa?" Na ce ta ja wa yaran bargo, ƙafafunsu a waje.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, mai bayarwa ba mugu ba ne don ya so ganin fuska, mai karɓa kuma ba mai girman kai ba ne don ya ɓoye tasa. Mu da muke shiga gidajen masu hali da safe, mu koma cikin marasa shi da yamma, mu ne a tsakani. In rana irin tawa ta zo wa ɗayarku, za ta sha magana, wannan kam na sha. Amma yaran Rabi sun yi barci a rufe har sanyin ya wuce.