Yajin Damagaram a Kan Zinariyar Alhaji

Har gobe ba zan manta da wata ranar Laraba a shekarar 2012 ba, wata biyu da kama aikina a wani biro, wato ofishi, na tantance kwandalolin zinariya a Paris. Lokacin ina cikin watannin gwaji, wato in shef, shugaban wurin, ya ga dama sai ya ce gobe kada ki dawo, ba mai tambayarsa dalili.

Ga wanda bai san aikin ba: akwai kwandalolin zinariya da ake bugawa ba don cefane ba, sai don masu sha'awar tarawa. Mai ita zai kawo mana, mu duba ta da madubi mai ƙara girma, mu ba ta lamba daga ɗaya zuwa saba'in. Saba'in na nufin ba tabo ba ƙarzane. Sittin da tara na nufin akwai ɗan abin da ido ba ya gani sai da madubi. Daga nan a rufe ta cikin akwatin roba, a manna lambar. Nauyi ɗaya, zinariya ɗaya, amma tazarar kuɗin da ke tsakanin lambobin nan biyu kan sa dattijo ya zauna ba shiri. Mutum uku ke dubawa bi da bi: ni ƙarama, sai Madan Odile, sai shef ɗinmu Mushe Lucien, wato Malam Lucien da Faransanci, wanda ya shekara talatin yana leƙen madubi.

Da safen nan Alhaji Maman Sani ya shigo. Mutumin Damagaram ne, yana da butik na atamfa da shadda a unguwar La Guillotière da ke Lyon. Lokacin da nake karatun kimiyyar sinadarai a Lyon, can muke taruwa ran Asabar mu ji Hausa. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya zaro kwandala daga aljihun ciki.

"Ramatu, ɗiyata, wani Bature a Lyon ya ce in ta ci saba'in zai saya da daraja, in ta gaza in riƙe abata. Ni ban gane ba. Zinariya ma sai ta zauna jarrabawa?"

Na ce, "Baba, a nan har faɗuwa take yi."

Zai koma gar, wato tasha, ya kama jirgin ƙasa, sai ya tura mini ƙunshi cikin jaka. "Kilishi ne, jiya ya sauka daga gida."

Dokoki biyu aka karanta mini ranar da na fara aiki: ba a karɓar kyauta daga mai kaya, ba a kusantar ɗakin dubawa da abinci. Amma wa ke mayar wa dattijo hannu? Kuma shekara biyu rabona da kilishin gida.

Kafin azahar na duba kwandalar Alhaji, tas take, na rubuta saba'in. Da aka tashi cin abinci na laɓe a matakalar baya. Na ce yanki ɗaya zan ci. Na ci biyar. Na wanke hannu da sabulu sau uku, na kurkure baki, na sa safar hannu, na ɗauki farantin kwandalar na kai teburin Madan Odile, na sunkuya na ajiye.

Ba a jima ba ta ce, "Sittin da tara. Akwai jan tabo kusa da gefe."

Jan tabo sanannen abu ne a sana'armu. Wani lokaci ɗan jan ƙarfen da ke tare da zinariya kan bayyana a fuskarta. Mushe Lucien ya zo ya leƙa. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

"Wannan ba irin wanda muka sani ba ne! Shi kwance yake, wannan kuwa ya taso sama, har da gefe mai ruwan ƙasa. Shekara talatin ban ga irinsa ba!"

Ya sa aka kawo na'urar hoto. Ya buga wa wani abokinsa masani waya ya ce ya bar abin da yake yi ya zo. Ya zauna ya cika shafi biyu da bayani. Sannan ya tuna da ni.

"Ramatu, ke ce mai ilimin sinadarai. Zo ki gaya mana yadda ƙarfe ke yin haka."

Na sa ido a madubi. Abin da na gani ban karanta shi a Lyon ba, amma na san shi tun ina goye. Ɗigon yaji ne, da ɗan ƙuli-ƙuli manne a jikinsa. Na saci kallon bakin mayafina, sai ga 'yan'uwansa sun fi goma, suna zaune lafiya.

In na ɓoye gaskiya, zan iya tsara musu Faransanci mai nauyi, kowa ya gyaɗa kai, a rufe kwandala da sittin da tara, cinikin Alhaji ya watse saboda kwaɗayina. In na yi magana, na karya doka biyu a gaban shef, ga takarduna na zama a ƙasar sun rataya ga aikin nan.

Na ce, "Mushe, ba jan ƙarfe ba ne."

"To mene ne?"

"Barkono ne."

Na faɗi komai, har yawan yankan da na ci. Mushe Lucien ya ɗauki 'yar robar da muke hura ƙura da ita, ya matsa sau ɗaya. Abin mamakin shekara talatin ya tashi sama. Madan Odile ta yi atishawa, daga nan dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango. Ana cikin haka masanin da aka kira ya shigo yana haki, yana tambayar ina tabon yake.

Allah ya taimake ni yajin busasshe ne, bai bar maiƙo ba. Suka sake dubawa su biyu, ba da ni ba, tunda na san mai kaya. Ta ci saba'in.

Shef ya kira ni ofis. Ya yaga shafukansa biyu a gabana, ya ce, "Na ƙara miki wata ɗaya na gwaji saboda dokokin da kika karya. Ban kore ki ba saboda da kin yi shiru, da na aika wannan rubutun ga mutanen da ba za su taɓa mantawa ba."

Da yamma na kira Alhaji na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. "Wato ni na kawo zinariyar, ni na kawo mai ɓata ta? Kai, kilishin Damagaram! Ko zinariya ta gan shi sai ta taɓa."

Ku da kuke shigowa wannan sana'a yanzu, ga abin da na ɗauka daga ranar nan. Gwani ma abin da ya saba nema yake gani, shi ya sa ba a raina bakin ƙaramin ma'aikaci. Kuma mai saye ba ya buɗe akwatin roba ya duba da kansa, maganarmu yake saya. Ranar da ɗayanmu ya san gaskiya ya haɗiye ta don ya tsira, lambar da muke mannawa ta zama takardar banza.