Maman Debbie, Wadda Ta Sa Kogin Binuwai a Cikin Waya

Ƙarfe shida da rabi na safe Madam Edna take kulle ƙofarta a unguwar Shagari Low Cost da ke Yola. Ni maƙwabcinta ne, shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin ƙarar kwaɗon. Takan fito da jakar tsohuwar kwamfuta da ɗan kwanon abinci, mu gaisa, ta tari keke zuwa ofishin safiyo. A ofishin, ɗakinta ne na ƙarshe a baranda, inda ake jibge taswirorin da ba mai nema. A watan jiya ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar, kuma na san yawancinku ba ku taɓa jin sunanta ba.

Mu a unguwa Maman Debbie muke ce mata. Mijinta Jerry malamin makaranta ne a Mubi. Ranar da 'yan Boko Haram suka shiga garin a 2014 ya kira ta, ya ce sun faɗa daji shi da wasu malamai, ba su san inda suka dosa ba. Ta baje taswira a kan tebur tana kwatanta masa hanya, sai sabis ya ɗauke. Ba ta sake jin muryarsa ba, ba a kuma kawo mata gawa ba. Wata uku tana zagaya sansanonin 'yan gudun hijira da hotonsa. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini zancen.

"Malam, taswira cike da durowata, shi ko ɗaya babu a hannunsa."

Daga nan ta ƙudurta sai taswira ta bar durowa ta shiga aljihun mutane. Ta fara da kogi, don a ɗakin nata akwai taswirorin Binuwai na zamanin da manyan jiragen ruwa ke zuwa Jimeta, gara tana ta cinsu. Ba wanda ya sa ta. Ita ta koya wa kanta ɗaukar hoton takardun, ta daidaita kowace da ainihin wurinta a ƙasa, gada a kan gada, dutse a kan dutse. Sannan ta yayyanka hoton ƙanana-ƙanana kamar tayil, dubbai, yadda manhajar nuna hanya za ta jera su a waya ko babu sabis. Abokan aiki su watse ƙarfe huɗu, ita tana nan da gilashinta. 'Yarta Debbie, da ke aure a Jos, ta yi magiyar ta komo wajensu har ta gaji.

Wanda ta fara kai wa aikin shi ne Hamajoɗa, tsohon matuƙin jirgi a Bakin Kogi. Ya duba wayar, ya nuna mata wani tudun yashi da shanu ke kwance a kai, daidai inda taswirar ta ce zurfin ruwa ƙafa goma sha biyu ne. Ya ce mata kogin da ke cikin wayarta ya mutu tun kafin a haife shi. Masu jirgi suka yi ta dariya. Ba ta yi fushi ba, sai ta roƙe shi ya riƙa ɗaukarta. Tun daga lokacin, duk Asabar bayan damina za ka gan ta a goshin jirginsa da gora mai alamomi, tana auna zurfi tana rubutawa. Matar da ko iyo ba ta iya ba.

A ambaliyar 2022 ruwa ya shafe gaɓa da gonaki, har bishiyoyin da matuƙa ke gane hanya da su suka nutse. Hamajoɗa da bakinsa ya ba ni labari. Da tsakar rana ya ɗauko mutum goma sha tara daga wani tudu a tsallake, ruwa yana gab da leɓen jirgi. Fasinjoji suka matsa masa ya yanke kai tsaye. Ya duba taswirarta a wayarsa, ya ga jan ɗigo a gabansa, alamar ƙarafan wata tsohuwar tashar jirgi da Madam Edna ta tsinto a takardar da gara ta ci rabinta. Ya zagaya, ana ta zaginsa. Bayan kwana biyu wani jirgin yashi ya bi ta wajen, ƙarfe ya farke cikinsa, Allah ya sa mutanen ciki sun iya ruwa. Su sha taran nan har yau ba su san da ita ba.

Maman Debbie, ke ce idon masu jirgi. Ke ce kika sha rana a kan ruwa don mutanen da ba za su taɓa ƙwanƙwasa miki ƙofa ba. Kin koma gida kin ci tuwo ke kaɗai, gari ya waye kin sake fita. Mun gani, ko da ba mu faɗa ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sanyaya miki zuciya.

Ranar bikin sallamarta daga aiki mutum shida ne a ɗakin, na bakwai Hamajoɗa, da ya zo da ƙullin busasshen kifi. Da aka ba ta dama ta yi magana, ba ta ambaci kanta ba. Cewa ta yi yashi yana tafiya kowace shekara, in ba a sake awo ba, nan da damina biyu taswirar za ta fara yi wa mutane ƙarya. Ta ce duk mai son koyo ya zo gidanta ranar Asabar da hantsi, za ta koya masa.

Asabar uku ke nan tana jera kujeru huɗu a gindin mangwaronta, ta zauna har azahar, ta mayar da su ciki. Ku masu karatun safiyo da kwamfuta a Yola, da ku 'ya'yan masu jirgi, gidan ba shi da wuyar ganewa, shuɗin ƙyaure ne kusa da famfo. Jibi ma za ta fito da kujerun.