Ranar da munka kai Nata'ala likita

Nata'ala ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke Tahira kin tashi kin iske shi da hurhura, ba ki san irin bakin da Allah ya yi mishi ba. Tun shina yaro in ya hwara labari ko akuya sai ta bar kiwo ta tsaya. Babanmu ya sa shi lakkwal, makarantar boko, ba a daɗe ba mushe, malaminsu, ya maido shi gida da kanshi, yac ce yaron ga ba shi barin kowa ya ji karatu, har shi mushen. Daga nan sai noma. Da anka raba hilayen ban ruwa na Jiratawa ya samu nashi, shina zogala, shina tonka, shina tumati. Garkar da ke jikin tashi kuwa ta abokinshi ce, Maman Lawali.

Su biyun nan rana ɗaya anka yi musu kaciya. Maman Lawali mutum ne shiru-shiru, daga "uhm" sai "to". Haka sunka tsuhwa, wannan shina zuba, wancan shina saurare, kanal, hanyar ruwan nan, tsakaninsu. Saudatu matar Nata'ala takan ce Allah ya saka ma Maman Lawali, don shi ke shanye mai yawan surutun kahin ragowar ta iso gida.

To, bara waccan Maman Lawali ya kwanta zazzaɓi, bai tashi ba. Anka yi zaman makoki, anka yi sadakar arba'in, kowa ya koma harkarshi. Nata'ala ya yi shiru. Ba ciwo ba, ba komi ba. Shina salla, shina ɗan taɓa abinci, sai ya zamna cikin zaure ya sa ma bango ido. In ka gaishe shi ya ɗaga hannu. Ranar ruwanshi ta zo ba shi zuwa, zogala ta tsuhwa ba a yanke ba, har mutanen koperatib, ƙungiyar masu hilayen, sunka aiko cewa in ya bar hilin haka za su ba wani.

Mun yi abin da munka sani. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi tohi. Saudatu har gishiri ta juye cikin miya da gangan, wai ko ya yi hwaɗa ta ji muryarshi. Ya cinye, ya wanke hannu. Ran nan ita ta yi kuka.

Sai ɗiyarshi Mansura, wadda ke aiki parmasi, wurin saida magani, cikin Maradi, tac ce akwai wata madam Sabon Gari, wai sikolog, likitar damuwa. Ta amso mishi randebu, ranar da zai je ganinta. Uwarta kaɗai ta gaya ma, uwar ta kira ni ta waya ina Tsibiri, ni kuwa ban hwaɗa ma kowa ba sai waɗanda ya kamata su sani.

Kin dai sani, mu ba mu kai mutum likita shi ɗaya kamar wanda ba shi da dangi. Na ɗauki tabarma, buta, mahuci, tarmus na kunu, kwanon tuwo. Saudatu ta zo da bargo da matashi. Ƙanen babanmu, Baba Shamsu, ya zo da sanda da ƴaƴanshi. Maƙwabta ma ba su yarda a bar su baya ba. Da Mansura ta ga muna sauka daga adaidaita, wannan bayan wannan, sai ta ɗora hannu bisa kai.

"Gwaggo, wa yac ce ku zo?"

Nac ce, "Ke, ubanki za a kai likita ki ce wa yac ce mu zo? Riƙe min butar nan."

Wurin ma ni bai yi min kama da likita ba. Ba warin magani, ba gado, ba mai nishi. Kujeru ne masu taushi da wani ganye cikin tukunya wanda ba a miya da shi. Munka shimhiɗa tabarmi nan baranda. Anka kira Nata'ala, munka tashi munka bi shi, ɗaki ya cika.

Madam Salima ake ce mata, yarinya ce ba ta girmi Mansura ba, da ɗan gilashinta. Ta gaishe mu da ladabi, ta juya wurin Nata'ala.

"Baba, mi ke damunka?"

Nac ce, "Ba shi magana."

"Baba, tun yaushe kake jin haka?"

Saudatu tac ce, "Tun rasuwar abokinshi."

Baba Shamsu ya buga sanda ƙasa yac ce iska ce, ta bakin kanal ce, ya san ta.

"Baba, mi kake ji cikin ranka?"

Nac ce, "Ba shi jin komi, lahiyarshi lau."

Ai aikin mai jinya ke nan. Marar lahiya ba a barin shi ya wahal da bakinshi, kai da ka kawo shi kai ke ba da amsa. Duk likitar da na taɓa zuwa haka anka yi. Amma sai yarinyar nan ta roƙe mu, wai don Allah mu hita mu bar su su biyu.

Nac ce, "Ɗiyata, in kin yi mishi allura ya some wa zai tare shi?"

"Ba ni allura, Inna."

"To ƙwaya?"

"Ba ni ba da ƙwaya."

"To mi za ki yi mishi?"

"Saurarenshi zan yi."

Na dubi Saudatu, Saudatu ta dube ni. Mun taso tun daga Tsibiri da Jiratawa don a saurari mutumin da ba shi magana! Na gyara zama nac ce inda duk ya zamna nan nike.

Yarinyar da wayo. Sai tac ce, "Inna, wa ne babba cikin masu jinyar ga?" Nac ce in an cire Baba Shamsu, shi kuwa ƙahwa ta hana shi, ni ce. Tac ce to akwai aikin da ba kowa ke iyawa ba: a tsare ƙohwa, kar kowa ya shigo, kar kowa ya kasa kunne, har da mai tsaron. In an samu wanda ya iya, magani ya ci.

Kahin ta ruhe baki na kore su duka. Na ja tabarmata na zamna nesa kaɗan, da mahucina. Saudatu ta taho da kunu wai ko ya kurɓa, na maida ta. Wani ya zo wai ya mance takalminshi ciki, nac ce ya taka ƙasa.

Anka daɗe ba ka jin komi. Can sai na ji murya. Ban kasa kunne ba, Allah shina gani, muryarshi ce ba ta san ƙohwa ba. Kalmomin ban ji su ba, sai dai gunjin nan nashi. Jim kaɗan sai dariya. Dariyar nan tana cikin tahiya ta juye ta koma kuka, kuka irin na babban mutum, wanda ko ranar da innarmu ta rasu ban ji ya yi ba.

Baranda ta tashi tsaye. "Ta yi mishi allura!" "Aljanin ya taso!" Baba Shamsu ya mance da ƙahwa ya taho da sanda. Na miƙe na jingina bayana da ƙohwa nac ce wanda duk zai shiga sai ya bi ta kaina. Ni kaina, Tahira, so nike in banka in shiga. Amma an ba ni aiki.

Da Nata'ala ya hito idonshi ja wur. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi tabarmi da bargo, yac ce, "Yaya, duk wannan kwana kunka zo yi? Akwai sauran tuwo?"

Saudatu ta rangaɗa guɗa cikin biro, wurin aikin mutane.

Baba Shamsu dai bai gamsu ba. Ya tsaya sai an ba mu ordinas, takardar sayen magani. Da anka ce babu, yac ce bai taɓa ganin likitar da za ta sa mutum kuka ta sallame shi ko parasetamol babu ba.

Ba wai ran nan Nata'ala ya warke ba. Madam tac ce ya dinga zuwa duk mako, shi ɗaya. Sai ya koma hita ta bayan gida ya hau kabu-kabu kamar ɓarawo, don dangi sun riga sun tsara wa da wa ke rakiyar gaba. Wata rana ya dawo da labari, wata rana ya koma bangonshi. Abu ɗaya ya gaya min da kanshi. Yac ce tun rasuwar kowa haƙuri yake ba shi, da ya buɗe baki sai a ce "sai haƙuri", ya ruhe. Ita kuwa tambayarshi ta yi wane irin mutum ne Maman Lawali. Yac ce duk cikinmu ba wanda ya tambaye shi, don kowa gani yake ya san shi.

Kahin a shiga shukar rani ya je taron koperatib da ƙahwarshi. Sun ce tun hantsi ya miƙe shina bayani, har anka kira azahar bai kai ga zancen hilin ba. Shugaban yac ce, "Nata'ala, hilinka naka ne, don Allah zamna."

Yanzu ya rage zuwa Sabon Gari, sai in ya ji abin ya taso. Rannan na ce mishi, wai duk zuwan nan mi kuke cewa? Yac ce sirrinshi ne. Na matsa, sai yac ce ai an gama zancen Maman Lawali tuni, zama biyu cur bisa kaina sunka yi. Ni! Na yi juyin duniya ya ƙi ƙara ko kalma. Na yi kwaɗon zogala mai kyau, na hau mota na je gaida Madam, na zamna muna ta hira ina kewaye-kewaye. Ta cinye kwaɗon, ta sa anka wanke kwanon, ta rako ni har bakin titi. Har yau ban san mi yac ce ba.