Oga Markus da Adaftan da Ya Ƙi Saya

Ina shagona da safe, na ɗora kilif a kan cip ɗin wata laftof, karatu ya yi nisa, sai waya ta yi ƙara. Ƙanwar matar Oga Markus ce. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce Oga ya huta a asibiti. Ban saki kilif ɗin ba sai da karatun ya kai ƙarshe, domin haka ya koya mini: in an fara karanta cip, ko rufin shago na faɗowa hannu ba ya motsi. Na ajiye fayil ɗin, na ja ƙofa, sannan na zauna na yi kuka.

Sunana Rahila. Ni ce mace ta farko da ya koya wa gyaran kwamfuta a shagonsa da ke nan Kafanchan. A lokacin da ake ce mini aikin dalma ba na mata ba ne, shi ya jawo mini kujera ya miƙo mini sukudireba. Duk abincin da nake ci yau daga hannunsa ya fito. Na faɗi haka tun da fari domin abin da ke biye ba zai yi wa kowa daɗi ba, kuma ba na so a kira shi butulci.

Ga wanda bai san aikin ba, a cikin kwamfuta akwai wani ɗan cip mai ƙafa takwas, kamar ƙwayar wake, wanda muke kira bayos. Shi ke tada kwamfuta in an danna maɓalli. Idan abin da ke rubuce a cikinsa ya lalace, sai ka ji fanka na juyawa amma fuskar kwamfutar baƙa ƙirin. Maganinsa wata na'ura ce da muke kira furogirama: a haɗa ta da cip ɗin ta wani ɗan matsi mai kama ƙafafunsa da muke kira kilif, a karanta, a goge, a rubuta sabo, aikin da muke kira filashin. Akwai masu tsada da ke zuwa cikin akwati mai kyau, akwai kuma mai arha da ba ta wuce tsawon yatsa ba.

Oga Markus na mai arha ne, kuma yana alfahari da haka. Yakan ce, "Aikin Kafanchan ba ya buƙatan injin Legas, kai yake buƙata." Amma ba ya sa sabuwar na'ura a kayan mutane sai ya bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da mita. Ta haka ya gano cewa irin mai arhar nan tana tura wutar da ta fi ƙarfin cip, ya ɗaga mata ƙafa guda, ya yi gada da siririyar waya, ta daidaita. Kilif kuwa ba ya sayen na banza, ya ce can ne rowa ke cin mutum. Dokarsa ita ce a karanta cip sau biyu, a gwada su, in sun zo ɗaya a ajiye, sannan a goge. Daga Gwantu da Madakiya ake kawo masa kwamfutocin makarantu da na ofisoshin coci waɗanda an riga an yanke musu ƙauna, su koma suna aiki. Na sha ganin ya gyara wa ɗalibi laftof ya kore shi ba tare da ya bari ya sa hannu a aljihu ba. In aiki ya yi kyau, yakan aika a sayo mana kunu da gasasshiyar masara. Duk wannan gaskiya ne, kuma an faɗe shi a coci.

Abin da ba a faɗa ba shi ne zancen Habila.

Habila shi ne ɗansa namiji tilo. Mai shiru ne, kuma hannunsa ya fi na dukanmu, har da ni. Lokacin da siraran laftof suka fara shigowa gari, shi ya fara lura cewa cip ɗinsu da ƙaramar wuta yake aiki, kusan rabin wadda furogirama ɗinmu ke bayarwa. Ana sayar da wani ɗan adafta da ke rage wutar kafin ta isa cip. Ranar da Oga zai aike shi Kaduna sayen sabuwar furogirama da kilif, ina zaune a wurin. Habila ya ce, "Baba, mu haɗa da adafta ɗin nan na ƙaramin wuta. Sabbin laftof duka shi suke so."

Oga ya yi dariya. "Kayan yanga ne. Shekara nawa ina filashin, ka taɓa ji na ƙona cip? Ka sayo abin da na aike ka."

Kuɗin adaftan bai kai na kwanon shinkafa da nama ba. Ba rashi ya hana ba, abin da ya hana shi ne ɗa ne ya kawo shawarar. Habila ya tafi, ya sayo abin da aka aike shi.

Ba a daɗe ba wata malamar kwaleji ta kawo siririyar laftof da ta ƙi tashi, tana sauri. Habila ya buɗe, ya karanta lambar da ke bayan cip ɗin, ya matsa kusa da ubansa ya ce a hankali wannan irin na ƙaramar wuta ne, a ba ta haƙuri har a samo adafta. Oga ya ce kwastoma na tsaye, ya umarce shi ya sa kilif. Habila ya sake cewa zai iya ƙonewa. Oga ya ɗaga murya ya ce shagon na wane ne. Habila ya sa kilif. Karatun farko ya fito da shirme, na biyu bai fito da komai ba. Cip ɗin ya mutu.

Malamar ta ɗaga murya, maƙwabtan shago suka fito, 'yan acaba suka tsaya kallo. Oga ya kamo wuyan rigar Habila ya jawo shi baranda, ya juya shi yadda kowa zai ga fuskarsa.

"Ku duba shi da kyau," in ji shi. "Wannan wawa ni na haife shi. Ya ƙona kayan mutane."

Ya ce ya ajiye makullin shago. Habila ya tsaya yana kallon ubansa, kamar mai jiran a ce wasa ne. Da ba a ce ba, ya ajiye makullin a kan benci. A makon nan ya koma wurin kawunsa a Kujama, ya kama noma, kuma bai sake buɗe kwamfuta ba har yau.

Da mutane suka watse na ce, "Oga, yaron nan ya gaya maka, a gabana, har sau biyu." Bai musa ba. Ya ce, "Rahila, in oga ya yi kuskure a gaban kwastoma, shago ya mutu. In yaro ya yi, yaro ne kawai." Ban bar zancen ba. Na kai maganar wurin matarsa, Mama Saratu, na kai wurin wani dattijon ikilisiya. Abin da na samu shi ne Oga ya daɗe ba ya amsa gaisuwata.

Daga baya laftof ɗin malamar ta tashi. Oga ya ciro cip daga wata matacciyar kwamfuta, ya samo fayil wurin wani abokinsa a Jos, adaftan kuma da ƙafarsa ya je Kaduna ya sayo. Daga nan ya zama mai wa'azin adafta. Duk wanda zai sayi furogirama ya zo neman shawara, sai ya ce ya ɗauki mai arha, amma kada ya baro kasuwa ba tare da adaftan ƙaramar wuta ba, kuma ya karanta lambar cip kafin ya sa kilif. Sannan ya ɗora da labarin wani wawa da ya taɓa koya wa aiki, wanda aka ce masa ya jira adafta ya ƙi. Oga gwanin ba da labari ne. Yana kwaikwayon fuskar wawan, yana buɗe baki, yana rawar hannu. Kowace shekara labarin na ƙara ƙiba, har hayaƙi ya shiga ciki, har malamar ta suma. Bai taɓa faɗin suna ba. Waɗanda suka zo koyon aiki daga baya sun ɗauka ɗansa na Kujama ba ya sha'awar sana'ar ne kawai.

Habila bai yanke zumunci ba. Duk Kirsimeti sai ya zo da buhun masara, ya durƙusa ya gai da ubansa, a ce masa "Ka zo?" shi ke nan. Da hawan jini ya kwantar da Oga, gefe ɗaya ya shanye, Habila ya bar gonarsa ya zo. Shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi, shi ke kwashe abin da ya ɓata. Hankalin Oga ƙalau yake, bakinsa ma na fita, domin har ya yi mini faɗa a kan wani aiki da na ba shi labari. Dukanmu da muka san zancen muna jiran kalma ɗaya. Wata rana ina wurin Mama Saratu ta kasa haƙuri, ta ce, "Baban Habila, ka ce wa yaron nan wani abu mana." Oga ya daɗe yana kallon ɗansa. Na ga leɓensa na motsi. Ya ce, "Ɗaga mini filo." Habila ya ɗaga masa. Ban yafe wa Oga wannan ba tukuna, ina roƙon Allah ya taimake ni.

A sujadar jana'iza fasto ya ba waɗanda Oga ya koya wa aiki dama su yi magana. Gidiyon ya tashi, wanda ke da shago a Gwantu yanzu, mutumin kirki da bai san komai ba. Ya ce zai tuna mana da Oga yadda Oga zai so, sai ya ba da labarin wawan. Ya iya ƙwarai, har da buɗe bakin da rawar hannun. Coci ya ɗauki dariya, 'yan zumuntar mata na share hawaye suna dariya, fasto ma ya rufe baki da littafin waƙa. Habila na zaune a layin gaba, riƙe da hannun uwarsa.

Bayan an rufe kabari Habila ya same ni a bayan rumfa. Sai a lokacin na gane cewa bai taɓa jin labarin ba sai ranar.

"Sista Rahila, kullum haka yake ba da shi?"

Na ce haka.

"Ya taɓa cewa na gaya masa? Ko sau ɗaya?"

Na so in yi masa ƙarya, amma na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya ce baƙi ba su da wurin zama, ya tafi ɗauko kujeru.

Saboda haka nake rubuta wannan, domin duk wanda ya koyi aiki a hannun Oga Markus ya sani, kuma mu da yawa ne. Shawarar adaftan da kuke ba masu koyo a shagunanku ta Habila ce. Shi ya faɗa, aka ƙi ji, aka tilasta masa sa kilif, aka kuma mayar da shi abin dariya a bayan idonsa. Ku ci gaba da ba da shawarar, amma ina roƙonku labarin ya tsaya a kabarin nan.

Ubangiji Allah, ga bawanka Markus ya zo gabanka. Ya ciyar da gidaje da yawa, har da nawa, kada ka manta masa wannan. Ka yi masa jinƙai saboda Yesu Almasihu, ba don ya cancanta ba, gama babu wanda ya cancanta a cikinmu. Ka ta'azantar da Mama Saratu, wadda ta daɗe a tsakanin miji da ɗa, ka riƙe 'ya'yanta mata da jikokinta. Habila kuma, ya Uba, babu sauran wanda zai ce masa ya yi daidai a gidan nan. Ka faɗa masa da kanka, yadda zai ji. Amin.