Ranar da Baba Ya Ga Na Harbi Ruwa

Jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba lokacin da wani dillalin albasa daga Aliero ya buɗe shagon buga takardu a Jega, ya sa kwamfuta guda ɗaya, ya ɗauke ni aiki. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban san komai a kanta ba sai ƙarfin hali. Wanda ya haɗa ta ya bar wani wasa a ciki: kai ne kyaftin na jirgin yaƙi mai nutso a ƙarƙashin teku, kana farautar jiragen da ke tafiya a saman ruwa, kana harba musu makamin da ake kira topido. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi ba!

Makonnin farko na sha kunya. Da na ga jirgi sai in saita shi tsakiya in harba, kafin topido ya isa jirgin ya yi gaba abinsa. Daga baya na gane ba inda jirgi yake ake harbi ba, inda za shi ake harbi. Sai ka ɗaga bututun leƙe sama da ruwa, ka kimanta nisansa, ka lura da saurinsa da inda ya sa gaba, sannan ka jefa makaminka cikin ruwan da babu kowa. Na cika rabin littafin rubutu da lissafi. Ba yabon kai ba, a Jega dai babu na biyuna, ko da yake babu wani mai yi sai ni.

Labari ya kai ƙauyenmu Gehuru cewa ɗan wane ya bar gona yana zaune a inuwa yana wasa. Ranar kasuwa da hantsi, ana gab da faɗuwar damina, sai ga mahaifina a bakin shago, ya jingine kekensa a waje. Na san abin da ya kawo shi. In ya ce in tashi mu koma gida, to aiki ya ƙare, ba a yi wa Baba musu.

Na gaishe shi, na ba shi kujera. Ya ƙi zama.

"Wanga shi na aikin?" ya tambaya, yana nuna gilashin kwamfutar da haɓa. Wasan ne kuwa a buɗe, na makara ban rufe ba.

Ina iya jawo masa tulin wasiƙun da na buga. Amma na ga ɓoyewa ba ta da amfani, sai na ce, "Baba, aikin daban ne. Wannan wasa ne, amma tsaya ka gani."

Na nuna masa wani jirgin kaya yana tafe daga hagu. Ya matso, ya sunkuyo har ina jin numfashinsa a kunnena.

"To halbe shi mana, ga shi nan!"

Na duba nisa, na duba sauri, na karkata saiti can gaban jirgin, na danna.

"Kai, ka ɓata! Mi kaka halbi nan? Babu komi wurin!"

"Can za shi, Baba."

Topido yana da nawa, sai ya ɗauki kusan minti guda yana tafiya. Janareta yana ta ƙara a bayan shago. Na yarda da lissafina, amma ban ɗauke ido daga gilashin ba. Jirgin ya yi ta matsowa a hankali, kamar saniya za ta mashaya, har ya iso daidai wurin. Wuta ta tashi, ya rabe biyu.

Baba ya miƙe tsaye sosai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo kujerar nan ya zauna.

"Ashe binne kay yi," ya ce.

Binne shi ne shukar da muke yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe iri a jira. Mai gaggawa dariya yake yi wa mai binne, amma geronsa ne ke riga na kowa fitowa. Ban taɓa haɗa abubuwan nan biyu ba sai da ya faɗa.

Ya sa na sake har sau biyu. Na biyun ma shi ya nuna wurin da yatsa, ya kuskure da kaɗan, ya ce laifin jirgin ne. Daga nan ya tambayi ko mutane na kawo aiki. Na ce kaɗan-kaɗan, amma za su kawo.

"To zamna," ya ce. "Allah shi kawo ruwa."

Daɗi ya kama ni har ban san lokacin da na durƙusa ba. Na raka shi waje ina ta surutu, ina ba shi labarin irin takardun da zan riƙa bugawa. Sai da ya juya keken na ga abin da ke ɗaure a baya: sabuwar hauya, ƙotarta fara tas, doguwa daidai tsayina, ba nasa ba. Surutuna ya tsaya cak, kunya da tausayi suka rufe ni. Ya ga na gani. Ya ƙara ɗaure igiyar, ya hau, ya nufi Gehuru shi kaɗai.