Mai Kifin Da Ya Kwana A Gidana

Malam Edita, assalamu alaikum. A shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba, ni kafinta ne matashi, mai saurin hannu da saurin fushi. Daga ƙasar Katagum na zo Jalingo, don na ji labarin ma'aikata sun taso daga Yola, gidaje sun yi kaɗan, mai guduma ba zai kwana da yunwa ba. Haka kuwa aka yi. Na kama haya a unguwar Barade, na yi ta buga kwanon rufi, har Allah ya haɗa ni da wata Bafulatana 'yar Lau, muka yi aure, muka samu 'ya mace. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da abin taƙama guda: ni a nono na sha Hausa. Ita kuwa a kasuwa ta koya, kamar yawancin mutanen garin nan. A bakinta kowa "shi" ne. Akuya ya haihu, Goggo ya tafi rafi, amarya ya yi kyau. Nakan yi mata dariya, in kwaikwaye ta a gaban abokai, sai ta rufe fuska da gyale ta ce ai dai na gane abin da take nufi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na sani sarai.

Wata rana na samu aikin rufi a Zing, na daɗe ban dawo ba. Kafin in tafi, wani a teburin mai shayi ya tsokane ni, wai mai kyakkyawar mata ba ya karɓar aikin nesa. Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har kan tsani. Da na dawo sai na tarar da kwandon kyafaffen kifi a ɗaki, da baƙuwar tabarma a naɗe bayan ƙofa. Na tambaya. Da murnarta ta ce mai kifi ne ya zo daga Lau, ya kwana biyu a nan, har ya yi wa yarinya kitso. Jama'a, ko kalmar kitson nan ai ta isa ta farkar da mai hankali. Ni "ya kwana" kaɗai na ji. Na ɗaga murya ina tambayar wane ne shi. Da ta fahimci inda na dosa, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, irin shirun 'ya'yan Fulani idan magana ta yi munin da ba a amsa ta. Ni kuma na ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Na fito tsakar gidan haya, a gaban mata da yara, na ce ta kawo mini namiji ɗaki. Na sake ta. Ta goya 'yarta ta fita, ko kwandon ba ta ɗauka ba.

Washegari maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Mumuye da muke kira Mama, ta tare ni kafin ta tafi coci. Ta ce mai kifin nan yayar matata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mace mai 'ya'ya har da jika, ita kanta ta sayi kifi a hannunta. Ta ce kai mai Hausa, yau Hausarka ta yi maka yawa har ta cinye maka gida. Ta ce in hau mota in tafi Lau kafin rana ta faɗi. Na ce to. Ban je ba. Kullum sai in ce gobe, don na kasa tunanin yadda zan durƙusa a gaban surukai in ce kunnena ne ya yi laifi. A haka idda ta cika. Abin da ya fi muni, duk wanda ya tambaye ni dalilin rabuwarmu, sai in girgiza kai in ce Allah dai ya kyauta. Ban ƙara yin ƙarya da baki ba, amma wannan girgiza kan ta fi ƙarya dafi.

Daga baya ta dawo Jalingo, ta zauna wajen goggonta a unguwar Majidaɗi. Yayarta na aiko mata da kifi tana sayarwa, ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta sa yarinyarmu a makaranta. Idan na hango ta a kasuwa sai in sauya layi.

A wannan hali nake har aka fara muhawara a mujallarku kan littafin nan na matar da mijinta ya sake ta, ta kuma sake gina rayuwarta. Telan da ke kusa da shagona yana sayen mujallar, yana karanta mana wasiƙun masu karatu. Wasu sun ce littafin yana koya wa mata cewa zawarci daɗi gare shi, wasu sun ce ya share musu hawaye. Ni ne kan gaba wajen zaginsa, alhali ko bangonsa ban taɓa gani ba. Sai telan ya ce malam kafinta, kai ai ba a karɓar shaidarka a wannan shari'a, ga littafin nan, karanta tukuna. Na karɓa don in samo abin da zan ƙure shi da shi. Na yi ta bi da yatsa, layi layi, ina jiran inda za a zagi maza. Ban samu ba. Mijin ma tun shafukan farko ya ɓace, ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Maganar da ya jefa wa matar ce ba ta ɓace ba. Ta je neman ɗakin haya, maganar ta riga ta isa. Ta samu manemi, maganar na zaune a zaure tana jira. Na ajiye littafin. Ashe ni ma ina ganin na fita daga rayuwar matar da na saka, alhali bakina na can yana bin ta.

Na je wajen Mama na tambayi labarin tsohuwar matata. Ta ce yanzu ka tuna? Wani malamin gona da matarsa ta rasu ya fito neman aurenta, an yi nisa, amma kawunsa ya dakatar da maganar saboda jita-jitar da ya ji kan dalilin da aka sake ta. Ta ce ƙullin nan bakina ne ya yi shi, ba mai kwance shi sai ni.

Bayan la'asar na tafi Majidaɗi, na sami kawun malamin gonar a ƙofar gidansa cikin abokansa. Na tsuguna na faɗi komai, tun daga kwandon kifi. Tsohon ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce to shi ma matarsa "ya tafi" biki tun jiya, ko in ba shi shawara ya sake ta? Sai kuma ya ɗaure fuska. Ya ce abin da aka zubar a tsakar gida ba a kwashe shi a zaure, in koma inda na faɗi maganar in janye ta. Na koma. Na tsaya daidai inda na tsaya a wancan karo, na tara maƙwabta, na ce ƙazafi na yi wa baiwar Allah. Na maimaita a masallacin unguwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa yin barci mai daɗi irin na ranar ba.

An ɗaura aure. Bayan biki wata mata ƙaƙƙarfa ta sauke kwando a ƙofar shagona, ta riƙe ƙugu ta ce ga mai kifin ya zo, in duba da kyau ko yana da gemu. Tela ya faɗi ƙasa don dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Ta ɗebo mini kifi, ta ce an aiko ta da saƙo: ya ce ya yafe, kuma yarinya zai riƙa zuwa wajena ranar Juma'a. Wannan karon ban tambayi wane ne "ya" ba.

Na gode wa Allah da ya ba ni dama tun ina numfashi. Na gode wa Mama, da telan da ya ƙure ni, da wanda ya rubuta littafin, ko mace ce ko namiji. Ga masu cewa yana lalata mata, ni dai namiji ya gyara. Matar ba ta dawo gare ni ba, kuma ban cancanta ba, tana inda ake ganin darajarta. 'Yan'uwana maza, saki halal ne idan zama ya ƙi, amma ku saki mace da mutuncinta a hannunta, don da shi za ta sake gina wani gidan. Idan kuma rai ya ɓaci, ku ƙara tambaya ɗaya kafin ku ɗaga murya. Ni da na tambayi wa ya iya kitso, da yanzu a gabana 'yata take girma.