Koren Fentin Da Na Kai Birmingham

Yayan matata mutum ne mai kyauta, kuma ban taɓa tsanar halin wani ɗan Adam kamar yadda na tsani kyautarsa ba. Likita ne a Birmingham, kuma a unguwar Small Heath har matsa masa ake yi a sahun gaba idan ya shigo masallaci. Ni kuwa injiniya ne a Manchester, ina zaune a unguwar Gorton, cikin jerin gidajen nan da ake jin tarin maƙwabci ta bango. Lokacin da na nemi auren ƙanwarsa ya gaya wa iyayensu ba shi da ja, sai dai yana shakkar ko zan iya riƙe gida. Maganar ta zagayo ta zo kunnena, kuma tun daga ranar ta samu wurin zama a ƙirjina.

Bai taɓa zagina ba, kyauta yake yi mini. In mun je gidansa sai ya cika mana but ɗin mota da shinkafa da nama, kamar an ce masa yunwa muke kwana da ita. Ranar sunan 'yarmu ta fari na sa mahauci ya yanka mini rago, sai ga Yaya ya iso da nasa wanda ya fi nawa girma, aka dafa nasa aka ci, nawa ya shiga firiza. Kowane karo sai na rusuna, na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode, Yaya. Yayan mata suruki ne, ba a mayar masa da kyauta, ba a ɗaga masa murya. Burina ɗaya a duniyar nan game da mutumin shi ne in ga rana guda da zan tsaya gabansa ban karɓi komai daga hannunsa ba, shi ne ma zai miƙo nasa.

Ranar ta zo ta inda ban zata ba. Samarin Hausawan Birmingham suka shirya gasar harbin fenti ta 'yan koyo a wani fili da ke bayan gari, suka gayyaci mu na Manchester mu kawo mutum biyar. Wasa ne da ake rufe fuska, a ɗauki bindigar iska mai harba ƙananan ƙwallayen fenti, wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya fita. Yaya ne uban taro, ya kuma ce shi ma zai shiga fili. Da na ji masu filin sun yarda kowace ƙungiya ta zo da fentinta, sai na san abin da zan yi.

Akwai wani Bature a wurin aikinmu da ya daɗe yana wannan wasa. Na tambaye shi fenti nawa ɗan koyo yake bukata a yini guda. Ya yi dariya ya ce ɗan koyo ba harbi yake yi ba, ɓarin wuta yake yi: ganye ya motsa ya harba, tsoro ya kama shi ya harba, yatsansa ba ya sauka daga kunamar bindiga. Ya ce in ƙiyasta abin da nake ganin zai isa in ninka shi, in kuma ajiye shi cikin ɗaki, don sanyi da laima suna ɓata shi. Na zauna na yi lissafi irin na aikina, na duba yawanmu da yawan karon da za a yi, na ƙara da kason matsorata, don na san mutanena. Kwali huɗu na saya, duka kore, na tura su ƙarƙashin matakalar bene na rufe da tsohon bargo.

Matata ta gano su tana neman abin share ƙasa. Ta tsaya a kaina da bargon a hannu.

"Baban yara, ina za ka kai wannan? Yaya fa ya ce ya tanadi komai."

Na ce mata tsarin wasan ke nan, kowa da kayansa. Ta ce ita ba ta san tsarin Turawa ba, abin da ta sani shi ne baƙo ba ya zuwa gidan mutum da tuwonsa, yin haka daidai yake da ce wa mai gida ba zai iya ciyar da kai ba. Na ce fenti ba tuwo ba ne. Ta ce Yaya zai ɗauke shi cin fuska. Ban gaya mata cewa abin da nake so ke nan ba, amma ta gani a fuskata, don ta daɗe da sanin ciwona. Ta ajiye bargon ta ce, "To, wanda bai ji bari ba," ta bar sauran karin maganar ta koma kicin.

Muka kama hanyar Birmingham da safe, har da matata, kwalayen suna but, na lulluɓe su kamar jarirai. A filin muka tarar da Yaya cikin kayan wasa masu launin na soja, tumbinsa ya ƙi yarda a ja zif ɗin har sama. Ya kafa tebur yana rabon fenti ruwan ɗorawa, kowa 'yar leda ɗaya, yana cewa zumunci muka zo yi ba yaƙi ba, wannan ya isa har ya yi saura. Ya auna shi kamar yadda yake rubuta wa marar lafiya ƙwayar magani. Na tura abokan tafiyata suka karɓa, ni na tsaya ina gyara takalmi har aka gama rabon, sannan na ɗebi kaɗan daga ledar ɗayansu.

Baturen nan bai yi ƙarya ba. Alƙalin wasa yana busa usur sai filin ya kaure, manyan mutane masu gemu, akawu da likita da mai haɗa magani, suna ta harbin itatuwa da ganguna da sararin Allah. Kafin azahar babu mai ƙwallo ko ɗaya, namu da nasu. Aka garzaya ɗan shagon filin, aka tarar wasu ƙungiyoyi sun riga sun kwashe abin da ke ciki. Ga abinci matan Birmingham sun kawo, ga yara suna jiran su ga an ci gaba, ga Yaya tsaye da bindiga fanko yana ta latsa waya. Karon farko ke nan da na gan shi ba shi da abin bayarwa, kuma wallahi wani sanyi ya ratsa zuciyata wanda ban taɓa jin irinsa ba.

Ban yi gaggawa ba. Na je na tuƙo motar a hankali har kusa da teburinsa, na fito, na ɗaga but, na yaye bargon. Niyyata mutanena su cika bindigoginsu a gabansa, ni kuma in tsaya in jira. Kalma biyu kawai nake so in ji daga bakinsa, sam mana, kuma da ya faɗe su da na ba shi har da kwalin.

Ya zo ya leƙa. Na ga fuskarsa ta sauya. Sai kuma ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya juya wajen jama'a ya ɗaga murya.

"Masha Allah. Ku zo ku ga tsarabar da ƙanena ya kawo mana daga Manchester. Allah ya yi albarka, Injiniya, Allah ya bar zumunci."

Jama'a suka amsa da amin. Kafin in buɗe baki samari sun ɗauke kwalayen sun jera a teburinsa. Duk lissafina bai kai nan ba. Na auna tsoron 'yan koyo, na auna sanyi da laima, na manta cewa a wurinmu duk abin da baƙo ya fito da shi daga but a ƙofar mai masaukinsa tsaraba ne, kuma tsaraba in ta sauka ta zama ta mai gida. Da wane baki zan ce ba naku ba ne, a gaban dattawa, a gaban matata da ke tsaye tana kallon ƙasa?

Ya fara rabo, ya ce baƙi ne a gaba. Ya kira ni da kansa. Na je na tara masa da hannu biyu, ya zuba mini koren fentina yana cewa in ɗebi da yawa kada in ji kunya. Na ji bakina yana cewa na gode, Yaya.

A karon ƙarshe na same shi. Ya laɓe bayan wata ganga ya ba ni baya, kuma ko da fuska a rufe babu mai irin wannan tumbin a filin. Na ɗaga bindiga, na daidaita, bindigata cike take. Yatsana ya ƙi lanƙwasuwa. An raine ni a gidan da ba a haɗa ido da suruki, balle a harbe shi ta baya, kuma tarbiyyar nan ta riƙe mini hannu a daidai lokacin da na fi tsanarta. Shi kuwa babu abin da ya riƙe nasa. Ya waiwayo ya sakar mini uku a ƙirji, zafinsu kamar harbin rina. Na duba rigata na ga kore yana gangarowa, na ɗaga hannu na fita.

Da yamma aka rako mu mota. Kwali ɗaya ya yi saura ba a buɗe ba. Yaya ya sa aka kawo shi, ya ce ba za a ce baƙinsa sun koma hannu rabbana ba, mu tafi da wannan mu riƙa koyon harbi kafin baɗi. Da kansa ya ɗora shi a but ɗina, kan bargona, ya ƙara da buhun shinkafa a gefe. Dattawa suna tsaye suna yaba halinsa. Na rusuna na yi godiya.

Har muka iso Gorton matata ba ta ƙarasa karin maganarta ba. Kwalin yana nan ƙarƙashin bene, ban buɗe ba, ban kuma iya zubarwa ba, don ba a zubar da kyautar suruki. Duk lokacin da Yaya ya kira waya, bayan ya gaisa da ƙanwarsa sai ya ce a ba ni, ya tambaye ni ko mun ji daɗin fentin da ya ba mu. Nakan ce mun ji, Yaya, mun gode.